Jini na Biyar a Gonar Lado

Shekara biyu kafin a sauke tutar Turawa, an kashe mutum biyar a ƙasar Rano da Kibiya tsakanin rani da kaka. A yau wannan ba zai hana kowa cin tuwo ba, amma a wancan zamani mutum yakan tsufa har haƙoransa su zube bai taɓa jin an ce ga wanda aka kashe a garinsu ba. Shi ya sa tsofaffi in za su ƙirga shekarun wani sai su ce an haife shi a shekarar jini biyar.

Na farko a kasuwar Rano aka yi shi, ana tsakiyar rani. Jakin wani mai itace ya ture wa mahauci nama cikin ƙasa, magana ta yi tsawo, wuƙa kuwa tana hannu. Na biyu wajen farauta ne a dajin bayan Kibiya, inda wasu biyu suka yi gardama kan karen wa ya fara kama zomo, ɗaya ya sauke wa ɗaya gora a ƙeya. Na uku a Yalwa, da saukar ruwan shuka, wa da ƙani ne kan iyakar gona. Wan ya ce an matsar da gamba taku biyu, fartanya ta raba gardama. Duk waɗannan Shitu a bakin mutane ya ji su, ya yi salati, ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da taunar goronsa. Na huɗu ne ya faɗo masa a cinya.

Shitu shi ne mai unguwar Gidan Kanya, wani ɗan ƙauye a kan hanyar da ta tashi daga Madachi ta nufi Fammar. Rawanin na gado ne, ubansa ya naɗa, kakansa ya naɗa. Gabas da su akwai rafi, a ƙetaren rafin akwai Gangare, mai unguwarta kuwa Ramalan. Su biyun nono ɗaya suka sha. Uwar Ramalan ta rasu wajen haihuwarsa, Inna Saude uwar Shitu, tana da goyon kwana arba'in, ta karɓe shi ta sa a ƙirji, don iyayensu maza aminai ne. Shitu yakan ce tun a ƙirjin uwarsa Ramalan ya fara cin rabonsa. Da farko cikin wasa yake faɗa, ana dariya. Da suka manyanta sai aka lura shi ya daina dariyar.

In an bi ta gaskiya, Ramalan bai taɓa yi masa komai ba, abin da ya fi ci wa Shitu rai ke nan. Da mutumin mugu ne, da an samu abin faɗa. Amma kullum "Yaya Shitu" ne a bakinsa, in ya yanka rago sai ya aiko da cinya, in matar Shitu ta haihu shi ne na farko a ƙofar gida. Sai dai in sun shuka dawa rana ɗaya, ta Ramalan ce za ta fi kai. In sun yi magana ɗaya a taro, ta Ramalan za a tafi da ita gida ana maimaitawa. Shitu ya san abin da ke cikinsa hassada ce, ya san sunanta, ya sha jin malamai suna cewa tana cin lada kamar yadda wuta ke cin kara. Sanin bai rage masa komai ba.

Ana tsakiyar marka shanu suka shiga geron wani manomi a Gidan Kanya. Kafin a kai wa Shitu labari, manomin ya riga ya sami makiyayin da gatari, ya bar gari. Aka neme shi sama da ƙasa ba a gan shi ba.

To, a ƙa'idar lokacin jini na mai ƙasa ne. Inda aka tsinci gawa, mai unguwar wurin shi zai amsa, ko ya kawo wanda ya yi, ko ya zo ya faɗi yadda aka yi a bayan gidansa yana zaune. Ba a tambayar inda aka fara faɗa, inda gawa ta kwanta ake tambaya. Shi ya sa akan ji ƙishin-ƙishin cewa wani gari sun wayi gari da gawa, sun ɗan gusa da ita ta ƙetare iyaka, maƙwabta su ji da ita. Kowa ya san ana yi, ba wanda ya taɓa cewa shi ya yi.

Kwana uku Shitu ya yi yana zaman ƙofar hakimi a Rano, ba a ce masa shigo ba, ba a ce masa tafi ba. Ran na huɗu aka tara masu unguwanni duka, aka kira shi tsakiya. Hakimin ma ba a sake yake ba, don Baturen gunduma ya aiko takarda yana tambayar ko ƙasar ta zama mayanka ce.

"Shitu," in ji hakimi, "ubanka ya riƙe Gidan Kanya shekara talatin, ko kaza ba a yanka ba sai da dalili. Kai a hannunka an kashe mutum da rana tsaka, wanda ya yi ya fice ta gabanka."

"Allah ya ja zamaninka, ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce, ba mu musa ba. Amma ka ji da kyau. In aka sake zubar da jini a ƙasarka, ko haɓo ne, kada ka jira a aiko. Ka taho da rawanin a hannu."

Da a nan aka tsaya, da Shitu ya haɗiye. Amma sai hakimi ya ce Ramalan ya miƙe. Ashe a wannan makon shanu sun shiga wata gona a Gangare, irin ɓarnar nan dai. Ramalan bai jira ba, ya taka da ƙafarsa har ruga, ya zauna a kan buzu da arɗo suna Fillanci, ya taso da magana cewa bayan girbi shanun za su kwana wata guda a gonar su zuba mata taki. Manomi ya yarda, makiyayi ya yarda, ba wanda ya ɗaga sanda. Hakimi ya ba da labarin nan tiryan-tiryan, ya ce kowa ya yi koyi, sannan ya sa aka ɗauko wata shuɗiyar riga rinin Kura mai aska biyu aka zura wa Ramalan a gaban jama'a. Shitu yana durƙushe a inda aka bar shi, an manta ba a ce ya koma wurinsa ba.

A hanyar komawa Ramalan ya iske shi, rigar a naɗe a hammata, don ya cire ta tun a ƙofar gari. "Yaya Shitu, ka yi haƙuri. Abin da ya same ka zai iya samun kowa."

"Zai iya," in ji Shitu. "Amma kai bai same ka ba."

Cire rigar nan da ya yi ta fi sa ta zafi a wajen Shitu. Wato har tausayinsa ake ji.

Daga ranar Shitu ya daina zuwa masallacin Juma'a a Rano. Ya ce ƙafarsa ce, yana jin alamar kurkunu. Matarsa Barira, wadda ta yi shekara ashirin tana kallonsa, ta duba ƙafar ba ta ga ko ƙurji ba.

"Malam, wannan kurkunun naka ranar Juma'a kaɗai yake motsi?"

"Ke dai ki ji da tukunyarki."

"Ina ji da ita. Amma riga ce fa, ba aljanna aka ba shi ba. Kai ma kana da riguna uku a adaka."

"Saya na yi."

Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "An ce hassada ga mai rabo taki ce. Kai dai kana ta kai masa taki, taka gonar tana bushewa." Ya tashi ya bar mata tsakar gidan.

Damina ta ja jiki, gero ya shiga rumbu, dawa ta fitar da kai ta sunkuya. Shitu ya zama kamar mai gadin kaji, ko yara ya ji suna faɗa sai ya fito da gudu. Ya hana dambe, ya hana kiɗan samari, ya sa aka kewaye burtali da ƙaya. Mutanen Gidan Kanya suka fara ƙunƙuni, wasu ma in rigima ta tashi sai su ƙetare rafi su kai wa Ramalan a ɓoye, don shi yana sauraro kafin ya yi tsawa. Wannan ma ya dawo kunnen Shitu.

Wata Juma'a, rana ta take tsaka, maza duk sun tafi Rano, Shitu yana kishingiɗe a zaure, sai ga Lado ya faɗo ba ko sallama. Lado dattijo ne mai gona a bakin rafi, shi ma bai je masallaci ba don tsuntsaye sun dame shi a dawa. Ya kasa ko tsugunawa daidai.

"Mai unguwa, na shiga uku. Gawa a gonata."

Shitu ya miƙe zumbur. Bai ko nemi takalmi ba, suka bi ta bayan gari.

Mutumin yana kwance rub da ciki a tsakanin kunya biyu, can cikin dawa inda ba a hange daga hanya. Baƙo ne, ba wanda ya san fuskarsa, magidanci da ɗan gemu. Gammon da ke gefensa da igiyar ɗaurin kaya sun nuna ɗan koli ne, kayan kuwa babu su. An soke shi a kwiɓi, jini ya jiƙa ƙasa, ƙudaje sun taru.

"Wallahi ban san shi ba," in ji Lado. "Za a ce ni ne. A gonata fa yake, mai unguwa. Rataye ni za a yi."

Shitu ya juya ya fuskanci gabas. Yana tsaye yana kallon rafi ta tsakanin karan dawa. Taku ɗari ne, ko bai kai ba. Daga can ƙasar Gangare ce. Ba sai an yi masa bayani ba, abin ya zo masa a shirye kamar dama yana ajiye a cikinsa yana jiran rana. Da farko rawanin ya tuna, da kabarin ubansa, da yadda zai shiga Rano kai ba komai. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu mai daɗi da ya fara motsi, ya kuwa ji shi sarai. Ya hango Ramalan durƙushe a tsakiyar fada an manta da shi.

"Kama ƙafafun," ya ce.

Lado ya dube shi, ya gane, ya kama. Shitu ya juya mutumin ya tallafo kafaɗunsa. Suna ɗagawa sai suka ji nishi.

Lado ya kusa saki. "Mai unguwa, da ransa!"

"Iskar ciki ce ke fita. Haka gawa ke yi. Mu je."

"Na ga idonsa ya motsa."

"Na ce mu je, Lado. Ko kana so a same shi a nan?"

Suka ratsa dawa, suka gangara. Rafin bai ƙafe ba tukuna, ruwa iya gwiwa, garau, ana ganin yashi. Suna tsakiya mutumin ya buɗe baki. Kansa yana jingine da cikin Shitu, don haka ba yadda za a yi a ce bai ji ba.

"Ruwa."

Muryar ba ta fi ta ɗan tsako ba. Shitu ya ɗaga kai ya dubi gaɓar can, ya ƙara sauri. Ya gaya wa kansa in an ba mai rauni ruwa mutuwa yake yi, haka ya taɓa ji. Ya gaya wa kansa ai dama wannan ya riga ya tafi. Gaskiyar ita ce in ya tsaya ya ɗebo ruwan nan, to ya amsa cewa mai rai ya ɗauko, mai rai kuwa gida ake kai shi, ba ƙetare ba. Mutumin ya sake faɗa sau ɗaya kafin su hau tudu, daga nan ya yi shiru.

Lado ya so su ajiye shi cikin sabara su gudu. Shitu ya ce a'a. Ya sa suka ƙara gaba har gindin wata ɗorawa a bakin hanyar da mutanen Gangare za su biyo in sun taso daga masallaci. Nan ya zaɓa, don jama'a su gani da idonsu, kada Ramalan ya sami damar yin irin abin da shi ya yi. Suka kwantar da shi suka juyo. Lado ya koma ya kife ƙasar da jinin ya jiƙa, ya sare dawar wurin tun ba ta gama nuna ba. Da la'asar shanu suka sauko mashaya suka tattake sawun da ke bakin rafi. Shitu ya koma zaure ya miƙe ƙafa, ya ce wa Barira yau ciwon ya tsananta.

Kafin magariba labari ya ƙetaro. An tsinci mutum a ƙasar Gangare, Ramalan da kansa ya fara ganinsa, ya cire rigar hakimi ya shimfiɗa aka ɗauke shi a kai zuwa zaurensa. An ce da sauran numfashi.

"Da sauran me?" Shitu ya tambayi wanda ya kawo labarin.

"Numfashi, ranka ya daɗe. Har ya yi magana. Mai unguwa ya ce kowa ya ja baya, ya kara kunnensa a bakinsa. Da aka kira sallar la'asar ya cika."

Barira ta kawo tuwo, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta kawo.

Washegari ɗan doka ya zo daga Rano, wani Kofur Ɗanmalam, mutum ne da ba ya gaggawa. Ya zagaya ɗorawar nan sau uku, ya tsuguna ya tona ƙasa da tsinke. Ya ce wanda aka soka irin wannan suka, jininsa yakan cika ƙwarya, nan kuwa abin da ya zuba bai kai ludayi ba. Ba a nan aka soke shi ba, kawo shi aka yi. Ya rubuta, ya hau kekensa.

Ran Litinin aka sake tara masu unguwanni. Shitu ya tafi, ya ma manta da ɗingishi. Wannan karon Ramalan ne a tsakiya, da wata tsohuwar farar riga. Abin da Shitu ya yi wata uku yana mafarki ke nan, ga shi a gabansa, amma tsoro ya hana shi jin daɗinsa.

Hakimi ya yi magana a hankali, don yana son mutumin. "Ramalan, kofur ya ce kawo shi aka yi. Jama'arka sun ce ya yi maka magana. Ka faɗa mana abin da ya ce, ka tashi ka tafi gida."

"Allah ya ja zamaninka, ya nemi ruwa, na ba shi. Ya faɗi sunansa da garinsu. Wanda ya soke shi abokin tafiya ne da suka haɗu a hanya, bai san sunansa ba. Ya yi kalmar shahada."

"A ina aka soke shi? Wa ya kawo shi gindin ɗorawa?"

Ramalan ya sunkuyar da kai. Bai dubi inda Shitu yake ba, ko da wutsiyar ido.

"Abin da zan iya faɗa ke nan, ranka ya daɗe."

"Za ka dafa Alƙur'ani cewa bai faɗi komai bayan wannan ba?"

"Ba zan dafa ba."

Hakimi ya lallashe shi, ya yi masa faɗa, ya tuna masa cewa wannan na biyar ne, takarda za ta tafi birni, kuma dole a rubuta sunan wani a ciki. Ya ce mai unguwar da ya san magana kan jini ya ɓoye, ba shi da bambanci da wanda ya riƙe wuƙar. Ramalan ya ce ya ji, a yi masa abin da ya dace. Har azahar ana abu ɗaya. Daga ƙarshe hakimi ya kau da kai ya yi nuni da hannu. Ramalan bai bari dogari ya taɓa shi ba, ya warware rawaninsa da kansa, ya ninke, ya ajiye a gaban shimfiɗa.

"Gangare ba za ta zauna ba mai duba ta," in ji hakimi. "Shitu, kai ne kusa. Tun da na yi maka magana ban sake jin ko tari daga ƙasarka ba. Ka haɗa ka riƙe."

Aka yi ta yi wa Shitu barka. Ya amsa, ya yi godiya, ya faɗi ya yi gaisuwa. Da ya fito sai ya ga mutanen Gangare, har da waɗansu nasa na Gidan Kanya, sun kewaye Ramalan suna tafe da shi kamar ango. Wani tsoho yana cewa duk wanda Ramalan ya rufa wa asiri, Allah ya isa tsakaninsu da shi. Shitu ya bi wata hanya.

Kwana goma ya yi bai taka Gangare ba, ga shi kuwa yanzu ƙasarsa ce. Ya sami unguwa biyu, ba wanda ya kawo masa ƙara ko ta akuya. Abin da ke cinsa shi ne bai san iyakar abin da Ramalan ya sani ba. Wata zuciyar ta ce mutumin bai faɗi komai ba, Ramalan dai tsoron rantsuwa yake. Wata ta ce to me ya hana shi kallonka a fada? Ran na goma sha ɗaya da hantsi ya naɗa rawani ya ƙetare.

Ya same shi a ƙofar gida a kan tabarma, da 'yar hula, yana tsinkar gyaɗa. Ramalan ya matsa masa wuri. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Barira da yara, aka tambayi ƙafa. Shitu ya ɗauki reshen gyaɗa ya fara tsinka don ya sami abin yi da hannunsa.

"Na zo ne in yi maka jaje," ya ce. "Abin bai yi mini daɗi ba."

"Na gode, Yaya Shitu."

"Da ka faɗa musu abin da ka sani, da yanzu kana kan abinka."

Ramalan ya jefa gyaɗa a kwando. "Sunansa Ishiyaku. Mutumin wajen Zariya ne, allura da madubi da turare yake sayarwa. 'Ya'yansa huɗu. Na aika musu da hularsa."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. Ya ce mutum biyu suka ɗauke shi daga cikin dawa. Da ya ji an ɗaga shi ya yi hamdala, ya ɗauka gida za a kai shi. Bai ga fuska ba, idonsa ya riga ya yi duhu. Amma ya ji na wajen ƙafa yana ce wa na wajen kai mai unguwa." Ya ɗan tsaya. "Mu biyu ne a bakin rafin nan. Ni kuwa ina masallaci."

Gyaɗar ta zube daga hannun Shitu. Ya buɗe baki zai ce Lado ne, zai ce tsoro ne, zai ce ya ɗauka gawa ce. Ba ko ɗaya da ta fito. Abin da ya fito shi ne, "To me ya hana ka faɗa?"

"Ni ma na tambayi kaina. Na je fada da niyyar faɗa, wallahi. Bakina ne ya ƙi. Kada ka ɗauka alheri na yi maka, ban sani ba ko alheri ne." Ya ɗago, karo na farko ya dube shi ido cikin ido, ba fushi a fuskarsa, sai wani abu kamar mamaki. "Rawani ba komai ba ne, Yaya. Da ka zo ka ce kana so, ko ka ce in karɓi gawa a ƙasata don naka ya tsira, da mun san yadda muka yi. Abu ɗaya ne na kasa ganewa. Ya ce ya roƙe ka ruwa. Ya ce yana jin ƙararsa a ƙarƙashinsa, har yana fantsamo masa a baya. A cikin ruwa kake tsaye, Yaya Shitu."

Kaji suna ta tsattsagar ɓawon gyaɗa a gabansu. Daga cikin gida ana jin daka. Shitu ya daɗe yana kallon tabarma.

"Da ka ba shi," ya ce, "ya sha?"

"Ya sha. Ƙoƙo guda, ya nemi ƙari. Na tallafe kansa ya shanye na biyun. Ya sa mini albarka, ya sa wa iyayena."

Nan Shitu ya ji abin ya taso masa, tsohon ciwon nan da ya sani tun suna yara, ya cika masa ƙirji har wuya. Ya zo da tsoro, ya zaci kunya za ta biyo baya, sai ga shi hassada ce ta riga ta zuwa. Yana ƙyashin ƙoƙon nan biyu. Shi aka fara roƙa, a hannunsa mutumin yake, ruwan yana dukan gwiwarsa, albarkar nan tasa ce aka miƙo masa har sau biyu ya ƙi karɓa, ta wuce ta sami Ramalan. Duk abin da ya taɓa yi wa hassada a duniya, akwai yadda za a yi wata rana ya dawo hannunsa. Wannan babu mai tuɓe wa wani ya ba shi.

Ramalan ya jawo wani damin gyaɗa ya kwance. "Ka gaida gida," ya ce.

Shitu ya miƙe, ya gyara rawaninsa, ya kama hanya. Mutanen Gangare da ya gamu da su suka tsuguna suka gaishe shi, ya amsa musu ɗaya bayan ɗaya.